Karsanar Ajuma da Leɓen Sallau

Duk wanda ya ci kasuwar Geceme a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ya san Ajuma mai daddawa. In ma bai san sunanta ba, ya san warin rumfarta. Daddawar batso take yi, ta gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Takan dafa su har su yi laushi, ta daka da ruwan toka, ta rufe a tukunya su ruɓe yadda take so, sannan ta cuccura ta shanya a kan zana. Ni na tarar da ita ta tsufa. Darni ɗaya ya raba gidanmu da nata, kuma yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, saura daga bakin ɗiyarta Binta.

Gajera ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da tsagar Arawa daga gefen baki har zuwa kunne. Murya gare ta. In tana ciniki a wannan gefen kasuwa, mutanen wancan gefen sun san yadda aka ƙare. Aurenta na fari a wani ƙauye aka yi shi wajen Tibiri, mijin ya rasu shekarar da fara ta cinye gero, ɗan da suka haifa ma bai yi rai ba. Ta dawo gidan uwarta ta koyi daddawa, ta zauna zawarci ba ta gaggawa.

A kasuwa ta san Sallau. Manomi ne da damina, da rani kuma yana kora jakuna zuwa Foga ya ɗauko gishiri. Dogo ne siriri, kullum da rawani, amawali ya rufe masa baki da rabin hanci ko da ana tsananin zafi. Yakan zo ya ajiye mata gishiri, ya nuna daddawa da yatsa, ta auna masa, ya tafi. Da fari ta ɗauka girman kai ne. Sai wata rana jakinsa ya ga jaka mace ya fizge, igiya ta sarƙe da jelar rawanin, rawani ya warware ya bi jaki cikin masu tukwane. Nan ta ga fuskarsa. An haife shi da tsagaggen leɓe, tsagar ta tashi daga leɓen sama ta shige hancin hagu, haƙori ɗaya a waje. Ajuma ta yi dariya har da riƙe ciki, amma jakin take kallo da mai tukwanen da ke zaginsa. Da Sallau ya dawo yana naɗa rawani, ta ce masa jakin da ya fi ubangidansa sanin abin da yake so ai ba jakin sayarwa ba ne. Ya ja jakinsa ya tafi. Kafin kaka ya aiko da manyansa neman aurenta.

Sun zauna lafiya. Sallau mutum ne mai tattali, ba ya faɗa, ba ya yawo, in ya dawo daga Foga ba ya rasa abin da zai riƙo mata ko da ƙullin dabino ne. Allah ya ba su 'ya'ya, uku suka rayu. Sai dai akwai abubuwan da Ajuma ta tarar kuma ta bar su yadda suke. Ba ya cin abinci gaban kowa sai ita, don kunu da fura sukan zubo masa. In an yi suna ko ɗaurin aure yakan zauna can baya, ya shafa fatiha ya sulale. Tun yana yaro ake ce masa Zomo, kuma har da furfura a gemunsa in ya ji yara sun ambaci zomo sai ya waiga. Maganarsa ta hanci take fita, sunan Binta ma ba ya fita masa daidai, shi ya sa a gaban mutane sai ya ce “yarinya”.

Da haka Ajuma ta zama bakinsa. Ita ke cinikin gishirinsa, ita ke zuwa biko in an yi yaji a danginsa, ita ke tsayawa gaban mai unguwa lokacin haraji. Ba ta taɓa jin nauyin wannan ba. Gaskiya ma tana jin daɗinsa.

Abin da ta fi alfahari da shi bayan 'ya'yanta shi ne karsanarta. Shekara da shekaru ta yi tana juya ribar daddawa, daga kaji zuwa awaki, daga awaki zuwa tumaki, har ta haɗa su ta sayi 'yar maraƙa ja mai farin goshi. Ta ba Illo, wani Bafillace da ke da ruga yamma da gari, ya haɗa ta cikin garkensa. Duk sa'ad da ta sami sarari sai ta taka ta je ta gan ta, ta kai mata dusa da kanwa. A zuciyarta wannan karsana ita ce tsufanta: za ta haihu, 'ya'yanta su haihu, ranar da ƙarfin daka ya ƙare tana da abin jingina.

Bayan an daina kamun aikin tilas da 'yan shekaru, wani abu ya faru da Sallau. Maƙwabcinsa Ado ya yi rigimar iyakar gona da wani, magana ta kai fada, kuma ba wanda ya san inda tsohuwar iyakar take sai Sallau, don yana yaro ya ga ubansa da uban Ado sun dasa ciyawar jema a wurin. Ba a aika mace ta ba da shaida a madadin mijinta. Dole ya je da kansa, aka ce ya sauke amawali a ji abin da yake faɗa. Ya sauke, ya faɗi gaskiya, Ado ya sami gonarsa. Amma yana cikin magana wani bafade ya kwaikwayi muryarsa ƙasa-ƙasa, aka yi dariya. Kafin kasuwa ta zagayo, samari sun mai da shaidar tasa abin wasa, in ɗaya ya toshe hanci ya maimaita sai sauran su kwashe.

Sallau ya ci gaba da harkokinsa. Sai da rani ya yi ya kai gishiri Dogon Dutsi, a can ya gamu da wani tsohon soja mai suna Mani, mai sayar da goro kusa da tashar mota. Mani ya yi yaƙin Jamus, ƙarfe ya yaga masa kunci har zuwa haɓa, likitocin soja suka ɗinke. Tabon na nan, amma yana ci yana sha yana hira kamar kowa. Shi ya gaya wa Sallau cewa a likitar Yamai, wato asibiti, akwai wani lokotoro, babban likita, da ke ɗinke irin leɓensa, ya ga wanda aka yi wa da idonsa. Aikin kansa ba a biya. Abin da ke ci shi ne kuɗin mota, da zaman jira wanda ba a san tsawonsa ba, da ci da sha a garin da ba ka da rumbu.

Ya dawo da maganar a cikinsa har aka yi shuka, aka yi noman fari. Ran nan Ajuma ta kai masa fura gona, suna zaune gindin gawo, ya gaya mata. Ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ne sai ranta ya ɓaci, ita ma ba ta san dalili ba. Ta nuna kumatunta ta ce ai duk ƙasar Arawa ba wanda aska ba ta ratsa fuskarsa ba, me ya sa tasa tsagar za ta hana shi sakat bayan saura kaɗan ya yi jikoki.

“Taku mutane sunka zauna sunka zaɓa muku, aka yi buki,” in ji shi. “Tawa ba wanda ya zaɓe ta.”

Ta ce, “To ni fa, maigida? Shekara nawa ina kallonka, ka taɓa ganin na kau da kai?”

“Ba ki taɓa ba. Amma ke ɗaya ce, Ajuma. Ina son in ci tuwo cikin maza kafin in mutu.”

Ta tattara ƙwaryarta ta koma gida.

Damina guda ta yi tana juya abin. Ta san ba su da abin da zai kai su Yamai ya zaunar da su sai karsana. Jakuna ba su sayuwa, su ne sana'a. Geron rumbu na ci ne da haraji. Ban da karsana akwai fataucin gishirin rani guda da zai wuce su. Ban da wannan kuma akwai tsoro, don ta ji ana cewa Nasara na sa mutum barci kafin su yanka shi, wani ba ya farkawa. In ta tuna wannan sai ta ce a ranta gara miji mai tsagaggen leɓe a ɗaka da mai kyakkyawan leɓe a kushewar Yamai.

Akwai wani abu kuma wanda ta daɗe kafin ta gane shi. Tana cikin dakan gurguzu wata safiya ta kama kanta tana tunanin in ya warke, wa zai buƙaci ta yi masa ciniki? Ta ajiye taɓarya. Ta ce mini a ranar ta ga ashe ɓoyon da yake yi ya yi mata ɗaki mai faɗi, ta miƙe ƙafa a ciki, ba ta taɓa tambayarsa ko shi yana da wurin miƙe tasa ba. Ta riƙa lura da shi bayan nan: yadda yake juya baya in zai sha ruwa a bakin rijiya, yadda yake jira masallaci ya watse kafin ya gyara amawali. Abubuwa ne da take gani kullum, amma ta daina ganinsu tun tuni.

Ta je ta sami gwaggon Sallau, Inna Ladidi, tsohuwar 'yar bori da ke zaune a wani ƙauye kan hanyar Lugu. A dangi an daɗe ana cewa doguwa ce, aljanar bori, ta taɓa Sallau tun yana ciki, kuma abin da doguwa ta sa wa hannu ba a taɓa shi. Ajuma ta yi zaton tsohuwar za ta hana, wataƙila ma abin da ya kai ta ke nan. Inna Ladidi ta saurare ta tana tauna taba, sannan ta ce doguwa ta riƙe leɓen nan shekara arba'in da wani abu, in ba ta ƙoshi da shi ba har yanzu to ba ta da ranar ƙoshi. A kawo baƙar kaza a yi mata sallama, ya tafi. Ajuma ta dawo ba ta da sauran wanda za ta laɓe bayansa.

Da aka gama yankan gero ta tafi rugar Illo. Ya ce mata kada ta yi gaggawa, karsanar ta ɗauki ciki, in ta yi haƙuri zuwa bazara za ta zama mai shanu biyu. Ta tsaya tana shafa farin goshin. Ta ce da Illo in ta jira bazara za ta ce sai an yaye ɗan maraƙi, in an yaye ta ce sai ta sake haihuwa, ta san halinta. Illo ya kai karsanar kasuwa aka sayar. Sallau bai sani ba sai da ta ɗaure kuɗin a tsumma ta ajiye gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce ba zai iya cinye mata tsufanta don leɓe ba, ta je ta fanso abinta.

“An riga an kora ta Matankari,” in ji ta. “Kuma da ni za a tafi. Ba na ba da saniyata in zauna gida ana ba ni labari.”

Suka bar yara wajen ƙanwarta. Suka taka zuwa Dogon Dutsi, shi da buhun gero, ita da babban kwando cike da daddawa a ka, ko da yake kowa ya ce mata wahalar banza ce. Daga nan suka hau bayan wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, ta bi da su ta Doso. Ajuma ba ta taɓa shiga mota ba. Ta ce duk hanya idonta a rufe yake, hannunta ɗaya riƙe da kwando, ɗaya riƙe da rigar mijinta. A Yamai suka sauka gidan Jibo, wani abokin Mani tun suna soja, ya ba su wata 'yar rumfa a bayan gida.

Jira ya fi tafiya wuya. Kullum da safe su je likita su zauna cikin mutane, a ce su dawo. Gero ya fara raguwa. Nan kwandon ya yi rana. Ajuma ta ɗauke shi ta shiga kasuwa, ba ta jin Zabarmanci ko kalma ɗaya, amma matan Zabarmawa na jin warin sai suka kewaye ta suna cewa “mari-bi”, sunan daddawar a harshensu. Da yatsu aka yi ciniki. Da kwandon ya ƙare ta sayi gurguzu a nan, ta ari tukunyar matar Jibo ta yi sabuwa, har maƙwabta suka yi ƙorafin wari.

Ranar da lokotoro ya gan su, ya juya fuskar Sallau gaban taga, ya leƙa bakinsa, ya yi magana mai tsawo. Wani ma'aikacin likita mai jin Hausa ya fassara musu. Ya ce leɓe zai ɗinku, amma tabo ba zai ɓace ba. Hancin zai zauna a karkace kamar yadda yake. Magana kuwa za ta ɗan gyaru, sai dai harshen da ya shekara arba'in yana bin hanya ɗaya ba ya sake ta gaba ɗaya. In sun yarda su dawo bayan kwana kaɗan, kada ya ci komai tun daren ranar.

Suka fito suka zauna a inuwa. Ajuma ta ga jikinsa ya yi sanyi, ta gane a ransa ya daɗe yana ganin wata fuska wadda ba ita za a ba shi ba. Ta ce masa in ya ga abin bai kai ba su koma gida, kada ya duba saniya, saniya ta riga ta tafi ko an yi ko ba a yi ba. Aka kira azahar, ya tashi. Da ya dawo daga salla ya ce ko rabi ne yana so.

Aka yi aikin da hantsi. Ta zauna a waje kan zanenta, ba ta ci ba, ba ta sha ba, har aka kira ta. Ta same shi kwance, fuska a kumbure, leɓe baƙi ƙirin da zare, miyau na zuba. Ya fi dā muni nesa ba kusa ba. Ta ce abin da ta fara dubawa shi ne ƙirjinsa, ta ga yana hawa yana sauka, sauran duk ba ta damu ba. Ta yi jinyarsa da kunu tsararo, tana ɗura masa ta gefen baki da ƙaramin ludayi. An hana shi dariya, ita kuwa ba ta iya rufe baki, sai ta riƙa fita waje in abin dariya ya zo mata. Da kumburi ya sauka aka cire zare, matar Jibo ta ara masa madubi. Ya duba, ya duba. Tabo ja ya tashi daga leɓe zuwa hanci, leɓen ya ɗan ɗage ta hagu kamar mai shirin tambaya. Amma a rufe yake. Ya nemi ruwa a moɗa ya sha, ko ɗigo bai zuba a rigarsa ba. Ya ƙara neman wani.

Da suka dawo Geceme mutane suka yi ta zuwa sannu da hanya, kowa na son gani, shi kuwa ya mai da amawalinsa kamar ba a yi komai ba. Ajuma ta ji haushi, har ta gaya wa ƙanwarta ta sayar da saniya don a yi wa rawani ado. Amma ba ta matsa masa ba. Sai da damina ta dawo, Ado ya kira gayya a gonarsa, aka kawo tuwo da rana, maza suka zauna da'ira. Binta na cikin 'yan matan da suka kai ruwa. Ita ta sheƙo gida ta gaya wa uwarta cewa baba ya sauke amawali ya sa hannu a akushi tare da mutane, kuma ba wanda ya ce komai sai wani tsoho da ya matsa masa miya.

Daga nan abin ya riƙa zuwa sannu-sannu. Maganarsa ba ta rabu da hanci ba, samari ba su fasa shaƙiyanci gaba ɗaya ba, sai dai shi ya daina jinsu kamar dā. Abin da ya ba kowa mamaki, ashe Sallau mai surutu ne. Shekarun da ya yi a hanyar Foga yana kallo yana shiru, duk ya tara su, yanzu ya kwance bakin buhu. Yakan zauna dandali ya ba da labari ɗaya sau uku. Ya karɓe cinikin gishirinsa, kuma bai iya ba, masu saye suna yi masa wayo Ajuma na kallo daga rumfarta tana cizon yatsa. Da fari takan tashi ta je ta gyara. Daga baya ta bar shi, ta ce mutum ya yi asara da bakinsa ya fi ya ci riba da na wani.

Ba ta sake mallakar saniya ba. Ta tara awaki, wata shekara ciwo ya shiga cikinsu, ta sake tarawa, iyakarta ke nan. Ba ta ɓoye cewa abin na taɓa ta ba. In matan Fulani sun shigo da nono da damina takan ce da yanzu nata ake kawo mata. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama, ta ce ranar da miya ba mai takan yi, ranar da ta ji shi a ƙofar gida yana gardama da maza ba ta yi, kuma ranakun gardama sun fi yawa.

Shekara guda kafin Faransawa su tafi, wasu mutane suka zo daga Lido, miji da mata da jaririya goye, leɓenta a tsage. Sun ji labari ne a kasuwa. Uwar ba ta son kwance goyon gaban mutane, Ajuma ta ja ta ɗaka, ta karɓi yarinyar ta yi mata wasa, ta gaya mata komai ba ragi: motar, da jiran, da kumburin, da abin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba. Uban ya ce shi bai taɓa wuce Doso ba, yana tsoron birni. Sallau ya ce in an yi kaka zai raka su, ya san hanya, ya san gidan sauka. Ajuma ta ce wannan karon ita ba inda za ta, mota ɗaya ta ishe ta har ta mutu. Da kaka ta yi suka dawo, ta soya musu gyaɗa, ta yi musu dakuwa, ta raka su, su da Sallau, har bakin gari. Da ta dawo ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta yi barcin rana abinta ba mai ba ta labari.